Hakkin Dashe a Kan Mai Dasawa

A ƙarshen watan Yunin bara, bayan ruwa ya zauna a Kaduna, muka ga tsakar gidanmu ta gaji da zama siminti zalla. Akwai wani ɗan fili jikin katanga, tsawonsa bai wuce taku shida ba, wanda mai gidan ya bari bai daɓe ba. Muka sayo irin furanni kala biyu, marigol da ziniya, muka cika ledojin fiyawata da ƙasa da yashi da busasshen kashin awaki, muka jera su a ƙarƙashin rumfar mota. Kafin mako ya zagayo sun tsiro. Bayan mako huɗu muna da tsirrai 24, kore shar, kowanne tsaye kamar ɗan makarantar da aka yi wa sabon yunifom.

Ranar wata Asabar muka dasa su. Da tsakar rana ne, domin da yamma za mu kama hanyar Kano zuwa biki. Muka fizge su daga leda, ƙasar jikinsu tana zubewa, muka cusa a ramuka, muka kwara musu bokiti guda na ruwa, muka ɗauki hoto, muka rufe gida. Mun dogara da cewa damina ce, sama za ta ƙarasa aikin. Kwana uku ba a yi ko yayyafi ba. Da muka dawo ranar Talata, biyar ne kawai ke tsaye. Sauran sun kwanta a ƙasa kamar zaren da aka jiƙa aka yar.

Asarar ba wata mai yawa ba ce, kuɗin irin bai kai na katin waya ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne babu wanda ya yi wa tsirran nan mugun nufi. Alheri muka nufe su da shi: mu fitar da su daga ƙuncin leda zuwa yalwar ƙasa. To, shin kyakkyawar niyya ta isa ta ba mutum ikon tumɓuke abu mai rai daga inda ya saba? In ba ta isa ba, me ya rage a kansa?

Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce a bar kowa inda yake. Ai da mun bar su a ledojinsu da ba su mutu ba. Gaskiya ne, amma na ɗan lokaci. Duk wanda ya taɓa sayen shuka a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi ya san yadda tsiron da ya daɗe a leda yake. In ka yaga ledar sai ka tarar saiwar ta yi ta zagaye tana naɗe kanta kamar gammo, ta cinye abincin da ke cikin ƙasar, ganyen ƙasa ya fara rawaya, tsiron ya tsumbure ya fitar da ɗan fure guda tun bai kai girman fure ba. Barinsa a nan ma hukunci ne, sai dai illarsa a hankali take zuwa, shi ya sa ba ma jin nauyinta. Saboda haka ba za mu tsira da cewa ba mu taɓa komai ba. Akwai lokacin da dashe yake zama dole, kuma wanda ya yi renon shi dolen take hawa.

Sai mu duba abin da ke faruwa da tsiro a lokacin da aka cire shi. Saiwar da muke gani da ido, mai kauri, aikinta mafi yawa riƙe tsiro ne da kai ruwa sama. Shan ruwan kuwa, kaso mai yawa nasa yana wuyan wasu 'yan gashi ne sirara da ke kusa da bakin saiwa, kowanne tsawon ƙwayar halitta guda ce tak, manne da ƙwayoyin ƙasa. Da ka fizgi tsiro ƙasa ta zube, waɗannan ne ke tsinkewa, waɗanda suka rage kuma iska ta busar da su cikin ɗan lokaci. Ganye bai san an yi wannan ɓarna ba. Yana nan yana fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofin jikinsa kamar kullum, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da tsiro ke sha ta nan yake fita. Ke nan ana kashewa a sama, babu mai samowa a ƙasa. Wannan shi ne yaushin da muke gani. Sai tsiron ya sake fitar da sabbin gashin kafin ya miƙe, abin da ke ɗaukar kwanaki.

Abin lura a nan shi ne, a lokacin da muka ɗauki hoton nan tsirran cikakku suke a ido. Kara lafiya, ganye lafiya. Abin da aka raba su da shi ba ya fitowa a hoto.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta, muna da wani dalili na musamman da ya sa muka yi wannan ganganci. Kusan kullum muna yi wa abubuwa ƙaura: bayanan abokan ciniki daga tsohuwar ma'ajiya zuwa sabuwa, manhaja daga wannan uwar garke zuwa waccan. A duniyarmu ƙaura ba cirewa ba ce ta haƙiƙa. In ka ce wa kwamfuta ta matsar da fayil daga wani faifai zuwa wani, kwafe shi take fara yi a sabon wurin, sannan ta goge na tsohon. Kafin kowace babbar ƙaura muna ajiye kwafi a gefe, muna rubuta hanyar komawa baya in abu ya lalace. Fayil kuma bai damu da maƙwabtansa ba. Yadda yake a can haka yake a nan, ko ɗigo bai ragu ba. Shekara da shekaru a kan wannan aiki sai su sa wa mutum wani tunani ba tare da ya sani ba: cewa abu shi ne abin da ke cikinsa kawai, wuri kuwa akwati ne da za a iya canzawa. Tsiro ya ƙaryata mu. Rabinsa yana cikin ƙasar da yake, ba shi da kwafi, kuma babu maɓallin da za ka danna ya koma jiya.

Manoman ƙasar nan sun daɗe da sanin haka. Masu tumatir na Kadawa da masu albasa na Aliero duk da dashe suke aiki. A yankin Tafkin Chadi, manoman masakwa suna renon dawa a bedi tun damina ba ta ƙare ba, sannan idan ruwa ya janye daga ƙasar firki su dasa ta ɗaya bayan ɗaya, su zuba ɗan ruwa a kowane rami, ta rayu da laimar da ƙasar ta riƙe har a girbe ta cikin sanyi. Sukan rage tsawon ganyen kafin su dasa, domin su rage wa tsiron kashe ruwa daidai da raunin saiwarsa. Ba mu je can ba kafin mu koya. Wani dattijo mai sayar da fulawa da muka koma wurinsa sayen sabon iri ya saurari labarinmu har ƙarshe, ya ce, "Injiniya, da rana tsaka? Kuma kuka yi tafiya? Ai ba dashe kuka yi ba, jefarwa kuka yi." Muka ce, "To Baba, yaya ake yi?"

Abin da ya gaya mana ba shi da wuya, kuma ya yi daidai da abin da masana aikin lambu ke faɗa. Ana dasa tsiro ne idan ya fitar da ganyen gaske biyu zuwa huɗu, ban da biyun farko masu kama da kunnuwa. In ya wuce haka da yawa, wahalarsa ta fi tsanani. Kafin ranar, a yi kamar mako guda ana fito da shi daga inuwa zuwa rana, yau awa ɗaya, gobe biyu, har ya saba. A shayar da shi sosai kafin a cire, domin ƙasar ta kama jikinta. A haƙa rami tun kafin a taɓa leda, a bar tazarar kamar santimita 25 zuwa 30 tsakanin ramuka. A yaga ledar, kada a ja tsiron. Ya tafi da dunƙulen ƙasarsa. In dole sai an riƙe shi, a riƙe ganye, domin ganye in ya yage wani zai fito, kara kuwa guda ne. A yi aikin bayan la'asar ko ranar da gari ya lumshe, domin ya sami dare guda na sanyi kafin ya gamu da rana. In ya riga ya ɗauko fure a tsinke, ƙarfinsa ya koma saiwa. Sannan a yi masa inuwa ta kwana biyu ko uku da kwali ko reshen darbejiya, ana duba shi safe da yamma.

Da muka jera waɗannan sai muka ga cirewar kanta ba ta kai minti ɗaya ba. Duk sauran aikin yana gabanta ne ko bayanta. Mu kuwa mintin nan ɗaya muka yi, muka kira shi dashe. A nan amsar tambayarmu ta fara fitowa. Niyya tana halatta a fara tunanin cirewa. Abin da ke halatta cirewar kanta shi ne shirin zama da abin a kwanakin da ba zai iya ciyar da kansa ba. Wanda ba shi da waɗannan kwanaki a hannunsa, bai kamata ya yaga leda ba tukuna.

Da maganar ta tsaya a kan furanni da ba mu dame ku da ita ba. A daidai wannan lokaci mu huɗu, 'ya'yan uwa ɗaya, muna ta ja-in-ja a zauren WhatsApp na gida a kan Inna. Tun rasuwar mahaifinmu tana zaune a gidan da aka kai ta tana amarya, a wani ƙauye gabas da Zariya. Tana da hawan jini, asibitin kirki kuma da nisa. Ra'ayin mafi yawanmu shi ne a ɗauko ta ta dawo birni gaba ɗaya. Mun ma taɓa gwadawa. Muka gyara mata ɗaki mai tayil da fanka da talabijin da banɗaki a ciki. Mukan fita ƙarfe bakwai na safe, mu dawo bayan magariba, get a kulle. In mun tambaye ta, sai ta ce, "Lafiya lau, Allah ya yi muku albarka." Amma abinci yana dawowa kusan yadda aka kai shi. A mako na biyar ta ce a mayar da ita, wai awakinta. Muka ji haushi a ɓoye. Awaki uku, a kan duk wannan?

Sai da muka tsaya a kan matattun tsirran nan muka fahimci awakin. Mun lissafa abin da ake gani: ɗaki, abinci, magani, tsaro. Ba mu lissafa maƙwabciyar da ke kiran sunanta ta kan katanga tun da asuba ba, da yaran da ke shigowa a aike su, da gidan suna da gidan rasuwa da ba a farawa sai ta iso, da matan da ke aiko mata in haihuwa ta zo da gardama. Ko ɗaya daga cikinsu ba wani babban abu ba ne, kuma da su take shan ruwa. Mun kawo ta cikakkiya a ido, muka kwara mata bokiti guda na alheri, muka tafi aiki.

Simone Weil, masaniyar falsafa 'yar Faransa, ta rubuta littafi a kan wannan batu a Landan a 1943, shekarar da ta rasu, aka buga shi a 1949 da sunan L'Enracinement, wato kafa saiwa. Ta sanya samun saiwa a cikin al'umma cikin buƙatun ran ɗan Adam, kamar yadda abinci yake ga jiki, ta kuma fara da nauyin da ke kan mutum kafin ta zo kan haƙƙin da yake nema. Kakanninmu ba su karanta ta ba, amma a duba yadda suke kai amarya. Ba a tura ta ita kaɗai. Gwaggonni da ƙawaye suna raka ta, ana jera mata ɗaki da kayan da aka kawo daga gidansu, ana kai gara, ana bar mata 'yar zaman ɗaki mai ɗebe mata kewa, dangi suna ta zirga-zirga a kwanakin farko. Dunƙulen ƙasa ke nan da inuwar kwana uku. Inda wannan hikima take yawan ɓace mana shi ne wurin waɗanda ba a yi musu biki: yarinyar da aka kai riƙo, yaron da aka miƙa wa malami a wani gari ko aka sauke a makarantar kwana, 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, tsohuwar da aka kawo birni. Su ma dashe ne, sau da yawa da rana tsaka.

Wani zai ce, ai mutum ba fure ba ne, kuma wahala ita ke gyara shi; icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai gaskiya a ciki, domin tsiron da bai taɓa ganin rana ba shi ne ya fi saurin ƙonewa. Amma a duba yadda ake saba masa da ranar. Ana auna ta, awa ɗaya sannan biyu. Akwai ido a kansa. In ya yi yaushi ana mayar da shi inuwa. Wahalar da ke da ma'auni da mai lura da hanyar komawa, ita ce horo. Wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun nan sakaci ce, ko da wane suna muka kira ta. Shi ma mai tanƙwara icce ai hannunsa yana kai, yana jin inda zai karye.

Wani kuma zai ce, mu ma haka aka yi mana, ga mu nan mun zama mutane. Wannan hujja ta fi kowacce daɗin faɗa, lambunmu kuma ya nuna mana ramin da ke cikinta. Tsirrai biyar ɗin da suka tsira sun yi fure har ya ba da sha'awa. Baƙo in ya shigo su yake gani, ya yaba, mu ma mu karɓi yabon. Sha taran da suka mutu ba su da bakin magana, sun riga sun zama taki. Da za a tambayi biyar ɗin, da sun ce dashen tsakar rana ba ya kisa. Tarihin marigol kansa haka yake. Asalinsa daga Meziko ne, kamar ziniya. Jiragen ruwan Sifaniya suka ƙetaro da shi a ƙarni na 16, ya bazu har Arewacin Afirka da Indiya, inda yau ake saƙa shi a rataya a wuya ranar biki. Nau'insa mai tsayi har Turawa suna kiransa na Afirka, alhali baƙo ne a nan. Wannan ya nuna ƙaura tana iya zama albarka, mai ƙaura ya zama ɗan gari. Amma labarin waɗanda suka kai ne kawai ya iso mana. Kafin mu kafa hujja da kanmu, sai mu ƙirga waɗanda muka tashi tare da su, mu ga nawa ne ke tsaye.

Akwai kuma abin da dattijon nan ya ƙara mana, wanda ya fi sauran nauyi: ba kowane tsiro ke karɓar dashe ba. Marigol mai haƙuri ne, ko ka binne karansa ya ɗan yi zurfi sai ya fitar da saiwa a jikin karan, kamar tumatir. Ziniya ba ta son a taɓa mata saiwa. Sanfulawa, mai doguwar saiwa guda da ke nutsewa ƙasa, gara a shuka ƙwayarta a inda za ta zauna. Cikin biyar ɗinmu, huɗu marigol ne. Mun yi wa iri biyu hukunci ɗaya saboda a leda kamarsu ɗaya. Wani lokaci iyakar ƙwarewar mai lambu ita ce ya gane wanda ba a ɗagawa, ya kai masa takin da ruwan inda yake.

A nan ne kuma kwatancen ya ƙare, domin gaskiya ne mutum ba fure ba ne. Sai dai bambancin ƙara mana nauyi ya yi. Tsiro ba ya iya ɓoye yaushinsa. Mutum yana iyawa, musamman wanda kunya da kawaici suka rene shi, ya ce maka lafiya lau alhali yana bushewa. Tsiro ba a iya tambayarsa. Mutum ana iyawa. Mun yi wata uku muna muhawara a kan Inna a zauren da ba ta ciki, a wayar da ba ta iya karantawa.

Da muka je muka zauna a gabanta muka tambaye ta, ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce gidanta ba za ta bar shi ba tana da sauran ƙafa. Amma duk bayan wata biyu za ta zo ganin likita, ta yi mako biyu, in za a bar ta ta zo da jikar ƙanwarta, kuma in ɗayanmu zai riƙa dawowa gida da wuri. Muka saya mata na'urar awon jini, muka koya wa wani ɗan'uwa da ke kusa da ita yadda ake amfani da ita, muka raba kwanakin zuwa a tsakaninmu. Ba za mu ce hankalinmu ya kwanta ba. In ciwo ya taso cikin dare, nisan nan yana nan, kuma mun san wata rana za mu iya yin da-na-sanin wannan shawara. Babbar yayarmu har yau ba ta gamsu ba, hujjarta kuma ba ta banza ba ce. Abin da muka sani shi ne, wancan zaɓin ma yana da nasa farashi, wanda Inna ce kaɗai take biya a ɗaki mai tayil, mu ba mu gani.

Za a iya cewa duk wannan tunani ya yi wa furen da ba ya wuce damina ɗaya yawa. Marigol da ziniya daga tsiro zuwa fure zuwa iri zuwa bushewa 'yan watanni ne. Mu kuwa gajartar ce ta sa muka ga girman abin. Bishiyar mangwaro in ta yi mako biyu tana jinyar dashe, tana da shekaru a gaba da za ta rama. Furen damina ɗaya in ya rasa mako biyu, ya rasa wani yanki na rayuwarsa da ba zai dawo ba. Haka yarinta take, haka tsufa yake.

A watan Agusta muka sake dasawa, bayan la'asar, ranar Juma'a, domin Asabar da Lahadi su same mu a gida. Marigol muka dasa da ƙasarsa. Ziniya kuwa muka shuka ƙwayarta kai tsaye. Biyu sun mutu duk da haka. Da Inna ta zo ganin likita a watan Oktoba, ta tsaya a kan bedin ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan ana miya da shi?" Muka ce a'a, ado ne kawai. Ta girgiza kai. Zuwanta na gaba sai ga ta da ƙwayar kuɓewa ƙulle a bakin zane. Muka ce bari mu kawo leda a rena. Ta ce, "Kuɓewa ba a dasa ta." Ta durƙusa a ƙarshen bedin, inda ziniya ta bushe, ta tona da yatsa ta binne uku-uku. Ranar da za ta koma, tana shiga mota ta ce, "Rani ne, ku riƙa ba ta ruwa safe da yamma. In na dawo zan duba."